Darasi Game Da Dashen Ciyawar Shimfiɗa A Akwatin Kifi Na Gilashi

Darasin wannan takarda a kan wani ɗan ƙaramin aiki ne, watau yadda a ke dasa gajeriyar ciyawa a gindin akwatin gilashi mai ruwan daɗi, irin wanda a ke kiwon ƙananan kifaye a ciki, har ta yaɗu ta rufe ƙasa kamar an shimfiɗa darduma. Wani zai ce, ina ruwan hakimi da wannan, alhali ga rigimar gona da burtali tana jiransa a ƙofar gida? Dalilai uku ne. Na ɗaya, waɗannan akwatuna sun fara shiga makarantu da ofisoshi da gidajen masu hali, kuma mai sayensu yana iya yin asarar kuɗinsa don rashin sani. Na biyu, akwatin nan tafki ne ƙarami da ido ke iya ganin cikinsa, wanda ya fahimce shi kuwa ya fahimci dalilin da kifi ke mutuwa a kududdufin garinsa. Na uku shi ne mafi nauyi: ciyawar da aka gaji da ita aka watsar a rafi ta taɓa toshe koguna a waɗansu ƙasashe, kuma tsare ruwan jama'a yana wuyan shugabanni.

1. ASALIN WANNAN AIKI

A shekara ta 1779 wani likita mutumin Holan, Jan Ingenhousz, ya nutsar da ɗanyen ganye cikin ruwa, ya ga ƙananan kumfa suna fita daga jikinsa sa'ad da rana ta haska shi, in an kai shi inuwa kuwa sai su tsaya. Iskar da ke cikin kumfan nan ita ce oksijin, wadda mutum da dabba da kifi ba su rayuwa sai da ita.

A shekara ta 1850 wani masanin haɗa magunguna a Landan, Robert Warington, ya ba da labarin gwajin da ya yi. Ya sa ƙananan kifaye biyu da wata ciyawar ruwa mai suna Vallisneria cikin gilashi mai cin galan 12. Da tsofaffin ganyaye suka fara ruɓa, ruwa ya gurɓace, sai ya ƙara dodon koɗi kaɗan, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya koma garau. Daga nan aka gane cewa kifi da ciyawa suna ciyar da juna. Bayan shekara uku, a 1853, aka buɗe ɗakin kifi na farko don kallon jama'a a gidan namun daji na Landan.

Amma shimfiɗa ciyawa kamar darduma, wanda ya yaɗa shi a duniya mutumin Japan ne, Takashi Amano, wanda aka haifa a 1954, ya rasu a 2015. Shi ya nuna wa mutane yadda za a jera duwatsu kaɗan cikin akwati, a kewaye su da gajeriyar ciyawa, har abin ya yi kama da fili da damina. A shekarar da ya rasu aka buɗe aikinsa mafi girma a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, akwati mai tsawon mita 40, mai cin ruwa lita 160,000. Namu darasin a kan na ƙafa biyu ne, amma ƙa'idar ɗaya ce.

2. ABIN DA CIYAWA KE BUKATA

Abu uku ciyawar ruwa ke nema: haske, da iskar kabon, da abinci daga ƙasa. Iskar kabon ita ce wadda mu ke fitarwa in mun yi numfashi, kifi ma haka. Da rana ciyawa takan sha wannan iska, ta haɗa ta da ruwa da ƙarfin haske ta gina jikinta, ta saki oksijin. Kashin kifi kuwa shi ne takinta.

To, a lura da wannan ƙwarai. Da dare ciyawa ba ta sakin oksijin, ita ma shaƙa ta ke yi kamar kifi. Saboda haka da asuba ne oksijin ya fi ƙaranci cikin kowane ruwa mai tsayuwa. Bayan haka, ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar ruwan sanyi: lita ɗaya a kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyas tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, a kan digiri 30 kuwa kimanin 7 da rabi. Shi ya sa da bazara a ke wayi gari a tarar da kifi ya taso saman kududdufi yana hamma, wani lokaci ma ya mutu da yawa, har a zargi wani da zuba guba alhali babu wanda ya zuba kome. Hakimin da ya san wannan zai iya kashe husuma tun ba ta tashi ba.

Abubuwan nan uku tafiya tare su ke yi, kamar duwatsun murhu. In haske ya yi yawa, iskar kabon ta gaza, ciyawa ba ta iya amfani da hasken, sai gansakuka ta amfana, ta rufe kome. In haske ya gaza, ciyawa sai ta miƙe sama tana nemansa maimakon ta kwanta ta yaɗu. Ciyawar shimfiɗa ta fi kowace wuyar sha'ani, gama tana can ƙasa inda haske ya fi rauni, kuma ba ta kai wa saman ruwa balle ta shaƙi iskar sarari.

3. WACE CIYAWA ZA A ZAƁA

Duk waɗannan ciyayi da yaɗo su ke tafiya, kamar kiri-kiri a bakin rijiya: uwa ta miƙa jijiya gefe, jijiyar ta kafa saiwa, sabon tsiro ya fito. Masana suna kiransu da sunayen Latin, da su kuma a ke sayar da su, don haka wajibi ne malami ya rubuta sunan daidai.

Eleocharis ita ce wadda ta fi kama da ciyawa sosai, ganyenta siriri kamar gashi. Dangin aya-aya ce da jiji. Gajeriyar ba ta wuce inci 2 zuwa 3, doguwar takan kai inci 5 ko 6. Tana son haske madaidaici da ƙasa mai ƙarfi.

Sagittaria subulata daga gabashin Amurka ta ke. Ganyenta ya fi faɗi, ta fi tsawo, amma tana jure ƙarancin haske da ruwa mai nauyi. Ita ce ta fi dacewa da mai farawa.

Marsilea tana da ganye huɗu a kan kara ɗaya in ta tsiro a tudu, cikin ruwa kuwa takan koma ƙaramin ganye guda. Wadda a ke sayarwa yawanci daga Ostareliya ta ke, amma akwai danginta a fadamun Afirka ta Yamma. Tana da jinkiri, tana da haƙuri.

Akwai kuma Hemianthus mai ƙananan ganye da aka samo daga Kyuba, da Glossostigma daga Niyu Zilan da Ostareliya. Suna da kyau ƙwarai, amma sai da haske mai ƙarfi, da tukunyar iskar kabon, da ruwa mai sanyi. Inda wutar lantarki ke yankewa, zafi kuma ya wuce digiri 40 da bazara, sayensu zubar da kuɗi ne.

A yi hattara da ƙullin iri da a ke tallarsa da sunan irin ciyawar darduma, a ce a yayyafa kawai a jira. Ciyayin da muka ambata dashensu a ke yi, ba a saba sayar da ƙwayarsu ba. Abin da ke cikin ƙullin nan sau da yawa tsiro ne na daban, wanda kan yi kore shar mako biyu ko uku, sa'an nan ya miƙe dogo ko ya ruɓe ya ɓata ruwa. Araha ba ta ado.

4. KAYAN AIKI DA LISSAFI

A sa mai yankan gilashi ya haɗa akwati mai tsawon inci 24, faɗin inci 12, zurfin inci 12, da gilashi mai kaurin kwata na inci. A manne shi da gam na silikon wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin wannan magani yana kashe kifi. Kada a yi shi da zurfi fiye da haka, don haske ya kai ƙasa. Irin wannan akwati yana cin kimanin lita 56, kuma in ya cika da ƙasa da ruwa nauyinsa ya kusa kilo 70, watau nauyin babban mutum. Sai a nemi tebur mai ƙarfi wanda ba ya karkata, a shimfiɗa soso ko kwali a ƙarƙashi. Ba a ɗaga akwati da ruwa a ciki.

Ƙasa hawa biyu ce. Hawan ƙasa, inci 1 na ƙasar lambu wadda ba a zuba mata takin zamani ko maganin ƙwari ba, babu ɗanyen taki a ciki. A tankaɗe ta, a jiƙa, a zubar da abin da ya taso sama, a shanya, a maimaita sau biyu ko uku. In an gauraya ɗan garin marmara ja, zai ba ciyawa sinadarin ƙarfe da ta ke so. Hawan sama, inci 1 na yashin rafi mai ƙwaya kamar gero, wanda aka wanke aka tafasa. Aikin yashi shi ne ya danne ƙasa don kada ta dama ruwa. In ya yi laushi kamar gari iska ba ta ratsa shi, in ya yi girma kamar tsakuwa saiwa ba ta kama shi. Kowane hawa zai ci kusan lita 5. A ɗan tuda bayan akwati fiye da gaba. Wannan dabara ta ƙasa da yashi wata Ba'amurkiya ce, Diana Walstad, ta bayyana ta filla-filla a littafinta na 1999, kuma ita ce mafi arha.

Ga lissafin dashe, wanda ya dace malamai su ba yara. Faɗin gindin akwati 24 sau 12 ne, watau inci murabba'i 288. In an bar tazarar inci 1 tsakanin tushe da tushe, ana bukatar tushe 288. In inci 1 da rabi ne, layi 8 na tushe 16, watau 128. In inci 2 ne, layi 6 na tushe 12, watau 72. Wanda ya matsa tazara zai biya da kuɗi, wanda ya buɗa ta zai biya da jira.

Sauran kaya su ne hantsaki dogo, da almakashi, da bokiti sabo wanda sabulu bai taɓa shiga ba, da siririyar mesa, da fitilar lantarki mai farin haske, da ƙaramar na'urar tace ruwa in da hali.

5. YADDA A KE DASHE

Da farko a yayyafa ruwa har yashi ya jiƙe sosai, amma kada ruwa ya hau kansa. Dashe a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi sauƙi bisa ga dashe cikin ruwa, inda tushe ke tasowa da zarar an saki hannu.

Na biyu, a fitar da ciyawa daga mazubinta. In a cikin wata auduga mai ƙaiƙayi ta zo, a tsefe ta daga saiwa. In a cikin ƙoƙon roba mai abu kamar kamu ta zo, a wanke shi tas.

Na uku, a rarraba ta ƙanana ƙanana, kowane tushe ganye 5 zuwa 10 da saiwarsa. Nan ne yawancin mutane ke kuskure, su binne dunƙule guda don su ga kore tun ranar farko. Yaɗo daga gefen tushe ya ke fita. Ƙananan tushe da yawa suna da gefe mai yawa, babban dunƙule kuwa tsakiyarsa ba ta samun haske, sai ta ruɓe. Duk wanda ya taɓa dashen albasa ko shinkafa ya san haka.

Na huɗu, in Eleocharis ce, a datse ganyen ya rage kamar inci 1. Masu renonta a tudu su ke renonta, ganyen tudu kuwa ba ya rayuwa cikin ruwa, zai mutu ko an bar shi.

Na biyar, a kama tushe da hantsaki ta wajen saiwa, a soka shi a karkace har rabin inci ko ɗan fiye, a buɗe hantsaki a hankali, a zare shi ta inda ya shiga. Saiwa ta nutse, ganye ya fito. A riƙa fesa ruwa don kada na farko su bushe kafin a gama.

Daga nan hanya biyu ce. Hanya ta ɗaya, a shimfiɗa leda ko faranti a kan dashe, a tsiyaya ruwa a kai sannu sannu har akwati ya cika. Hanya ta biyu, kada a cika ruwa tukuna: a rufe bakin akwati da farar leda, a ba shi haske awa 10 zuwa 12, a buɗe kullum na minti kaɗan don iska ta sake, a fesa ruwa in ƙasa ta nemi bushewa. Cikin mako 4 zuwa 6 saiwa za ta kama, yaɗo ya fara, sa'an nan a cika. Amfanin wannan hanya shi ne ciyawa tana shan iskar kabon ta sarari a yalwace, gansakuka kuma ba ta da ruwan da za ta zauna. Aibinta fumfuna, musamman da zafi. In an ga farin abu kamar saƙar gizo, a cire wurin, a ƙara buɗe leda. Lokacin sanyi ya fi dacewa da wannan aiki duka.

6. RENO

Haske: awa 6 a rana cikin watan farko, daga baya awa 8. Inda babu lantarki tsayayye, a ajiye akwati kusa da taga mai haske inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Rana tsaka takan dafa ruwa, ta mai da shi kore cikin kwana kaɗan.

Ruwa: a watan farko a zuƙe sulusin ruwa da mesa sau biyu a mako a sa sabo, domin sabuwar ƙasa tana sakin abinci fiye da abin da ƙaramin dashe zai iya ci. Daga baya rubu'i sau ɗaya a mako ya isa. Ruwan famfo a bar shi a buɗe kwana biyu don maganin da aka sa masa ya fita. Ruwan rijiyar da ke da ɗanɗanon kanwa ko gishiri a gauraya shi da ruwan sama.

Zafi: waɗannan ciyayi sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28. Da bazara a cire murfi, a sa fanka ta riƙa hura saman ruwa, zai sauka digiri biyu ko uku, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Da hunturu a rufe akwati da bargo da dare.

Iskar kabon: wanda ya ke son yaɗo da sauri zai iya zuba sukari kofi 2 da yis rabin ƙaramin cokali da ruwan ɗumi cikin gorar roba mai lita 2, ya bar sarari a sama, ya huda murfi ya sa siririyar mesa zuwa cikin akwati. Za ta yi ta ba da kumfa kimanin mako biyu. A cire mesar da dare, gama ciyawa ba ta shan iskar a duhu, taruwa za ta yi ta shaƙe kifi. Ruwan da ya rage a gorar ya zama mai sa maye, babba ne zai zubar da shi, kada a bar shi inda yara za su kai hannu.

Aski: in shimfiɗa ta haɗe, a riƙa rage ta da almakashi kowane mako uku ko huɗu, a kwashe abin da aka yanke. In an bar ta ta yi kauri, ƙasanta zai ruɓe don rashin haske, wata rana a tarar da darduma duka ta ɗago tana yawo a sama.

7. KIFI

Kada a sa kifi sai akwati ya yi mako 4 zuwa 6 da ruwa. Dalili kuwa, kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye suna ba da amoniya, wadda guba ce. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin yashi da matata, su ke juya ta har ta zama takin da ba ya cutarwa. Sai sun yi makonni kafin su yawaita. Wanda ya yi gaggawa, kifinsa na farko ne zai biya.

Karfasa da tarwaɗa da jan kifin ado ba su dace ba, domin tonon ƙasa su ke yi, waɗansu ma ciyawar su ke ci. Sai ƙananan kifaye masu tsawon inci 1 zuwa 2, guda 8 ko 10, kamar gofi, wanda asalinsa daga Tirinidad da arewacin Amurka ta Kudu ya ke. Yana jure zafi, yana kuma cin 'ya'yan sauro. Kafin a sa kifi a rufe bakin akwati da gidan sauro, don kada makaranta ta zama wurin kiwon sauro. Abinci sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin da akwati ya ke, ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe kifin duka.

Ga alamu huɗu da ma'anarsu. Ganye ya narke a makon farko amma saiwa fara ce: babu kome, a jira sabon tsiro. Ciyawa ta miƙe doguwa ba ta yaɗo: haske ya gaza. Gansakuka ta rufe ganye: haske ko abincin kifi ya yi yawa, a rage, a sake ruwa. Sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya: ƙasa ta gaji, a cusa ƙananan curin laka da marmara a gindin tushe.

8. HAƊARI BIYU

Na farko tsargiya, watau fitsarin jini. Wani malamin makaranta zai ce, me zai sa a sayi ciyawa alhali ga ta a fadama, bari a aiki yara su ɗebo. Kada a yarda. Tsutsar wannan ciwo, wadda likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, cikin ƙananan dodon koɗi na ruwa ta ke girma, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Dodon koɗin nan a jikin ciyawa ya ke zama, nan kuma ya ke ƙwai. In za a ɗebo ta fadama, babba ya ɗebo da takalmin roba da safar hannu. A tsince dodon koɗi, a jiƙa ciyawar kwana biyu cikin ruwan alif, babban cokali 1 a lita 4, a ɗauraye, a ajiye ta a wani mazubi dabam mako uku ana dubawa. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani.

Na biyu ya fi faɗi. Akwai wata kainuwa mai shuɗin fure, wadda Turawa ke kira wota hayasin, asalinta daga kogin Amazon. Don kyan furenta aka riƙa ɗaukarta ƙasa ƙasa, aka nuna ta a wani baje koli a Niyu Olins ta Amurka a 1884. Takan ninka kanta cikin kimanin mako biyu. Ta mamaye kogin Kwango a shekarun 1950, aka gan ta a Farin Nilu na Sudan a 1958, ta shigo ruwayen Legas ta wajen Badagiri a 1984, ta kai tafkin Biktoriya a ƙarshen shekarun 1980. Duk inda ta sauka jirgin ruwa ya tsaya, koma ta ƙi shiga, kifi ya rasa iska. Wata kuma mai suna Hydrilla, masu cinikin kifin ado ne suka kai ta Fulorida a shekarun 1950, aka watsar da ita a magudanar ruwa, tun daga nan jihar ta kashe miliyoyin daloli wajen yaƙi da ita. Wata mai suna Salvinia ta rufe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, a 1962.

Mutanen Haɗeja da Nguru ba sai an ba su labari ba. Kacala ba daga akwatin kowa ta fito ba, ta yaɗu ne bayan madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya tafiyar ruwa. Amma ta nuna abin da ciyawa guda ke iya yi: ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cin hatsi. Mukan ce kainuwa dashen Allah. Baƙuwar ciyawa kuwa dashen mutum ce, wanda ya watsar da ita shi ke da alhakin masunta da manoman da za ta cuta.

Saboda haka dokar mai akwati ita ce: duk abin da aka yanke ko aka gaji da shi, a shanya a rana ya bushe ƙurmus, a ƙone. Ruwan da aka zuƙe a zuba a gindin bishiya nesa da kwata da rafi. Kifin da ya yi yawa a ba wani mai akwati, kada a sake shi a tafki, domin baƙon kifi ma yakan kori na gida.

9. ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

Muna roƙon hakimai, ranku ya daɗe, su karanta wa dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa sashe na 2 da na 8, don su ne suka shafi kowa. In makaranta ta nemi kafa akwati, a tabbata akwai mutum ɗaya da aka ɗora wa kula da shi, har lokacin hutu. In masunta suka ga wata ciyawa da ba su saba gani ba tana yaɗuwa a ruwa, su kawo ta a busasshen mazubi, a sanar da malamin gona nan da nan. Abin da mutum biyar za su tsince a wata na farko, gari guda ba ya iya kwashe shi bayan shekara.

Malamin hakimi kuwa ya buɗe shafi a littafinsa, ya rubuta: inda akwati ya ke, da wanda ke kula da shi, da sunan ciyawa da na kifi, da inda aka samo su, da ranar dashe, da yadda a ke zubar da abin da aka yanke. In wata rana baƙon tsiro ya bayyana a rafi, wannan shafi ne zai nuna ta inda ya shigo.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Me ya sa kifi ke tasowa saman ruwa da asuba, musamman da bazara?
2. Akwati mai tsawon inci 36 da faɗin inci 12, tushe nawa zai ci in tazara inci 2 ce?
3. Don me a ke rarraba ciyawa ƙanana kafin dashe?
4. Me zai faru in an sa kifi ranar da aka cika akwati?
5. Faɗi hanyar da ta dace a zubar da ciyawa, da ruwa, da kifin da ya yi yawa.